Zugazugin Duhu

A kasuwar Busasshiyar Gada, a Tibilisi,
inda kowa ke baje gidan kakansa a kan bargo,
cokula, lambobin yabo, agogon da ya daina gardama da lokaci,
can na gan ta kwance a rufe
kamar bakin wanda aka ɓata wa rai.

Guram ya ce lari tamanin.
Na ce arba'in.
Ya ce ubansa ne ya ɗauko ta daga Jamus a cikin safa.
Na ce safar ba ta cikin ciniki.
Muka tsaya a sittin, kowa na ganin shi aka cuta.

Ka danna ɗan maɓalli a gefe,
ƙofa ta faɗo, wuya ya miƙe,
baƙar fata mai ninki goma sha huɗu
ta fito tana ƙara kamar gwiwar tsoho.
Zugazugi ne, amma ba na maƙera ba.
Wancan iska yake hura wa wuta,
wannan duhu yake tsarewa
har ran da za a buɗe masa ido, ƙiftawa ɗaya.

Ita ce ta goma sha ɗaya a kabad ɗina.
Lamara ce ta ƙirga, ba ni ba.
Ta ce, "Otar, idanunka biyu ne kacal,
ɗayan ma likita ya sa masa rana."

Hoto takwas fim ɗaya ke ɗauka.
Takwas.
Dole ka koyi rowa.
Ka wuce majami'a, ka wuce mai sayar da rumman,
ka ce ba yau ba.
Ba ta san nisa ba, da ƙafa za ka auna mata:
taki huɗu zuwa bakin baranda,
ka dawo da baya, ka murɗa zobe,
ka leƙa 'yar jar tagar da ke bayanta
kana jiran lamba ta ɓullo kamar jinjirin wata.

Na shida na kashe wa Tsiala, maƙwabciyarmu,
tana rataye jan barkono a zare.
Ta ce in dakata ta gyara ɗankwali.
Ban dakata ba.

Na wanke fim ɗin a banɗaki,
tawul a gindin ƙofa, Lamara na ƙwanƙwasawa.
Sai ga farin zane ya ratsa kowane hoto
daga kusurwar hagu.
A na Tsiala ya sauka a kafaɗarta,
ya cinye rabin barkonon.

Da dare na kashe fitila,
na cusa tocila a cikinta.
Ga su nan: huda uku a lungun ninki,
kowace ba ta kai kafar allura ba,
taurari uku a samaniyar da ba ta fi tafin hannu ba.
Shekara saba'in ana ninke ka ana buɗewa,
ina za ka ƙi yoyo?

Guram ya ba ni baƙin manne a kwalbar magani.
Ya ce ɗigo ɗaya, da tsinken ashana,
ka bar ta a buɗe kwana biyu, ban da gaggawa.
Na toshe biyu.
Ina kan ta uku aka yi ihu a tsakar gida,
motar asibiti, matakala, takalmin Tsiala ƙafa ɗaya.
Mannen ya bushe a kan tsinke.

Sati uku ta yi. Ta dawo ta rame,
ta hawo bene da ƙyar ta ce ina hotona.
Ta daɗe tana kallo, ta kai shi kusa da taga.
Ban ce mata huda ce ba.
Ita ma ba ta tambayi hasken ba.
Cewa ta yi, "Ka gani ko? Ɗankwalin a karkace yake."
Ta jefa shi aljihun riga, ta tafi da shi.

Hudar ta uku tana nan.
In zan ɗauka nakan ɗora mata babban yatsa.
Wata rana kuma in manta.